Fuskar shugaba a jikin kuɗi: masu zane tona asiri suke ko su ma ciniki ne?

Mai_Zane_Fagge:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai wani salon zane da na jima ina bibiya, ina so mu baje shi a nan tunda da yawanmu da tawada da takarda muke ci. Masu zane ne da suke ɗauko fasalin takardar kuɗi, irin layukan nan masu sarƙaƙiya da lambobi da sa hannun gwamnan banki da gurbin da ake ajiye hoton babban mutum, sai su buga tasu takardar da saƙon siyasa a ciki. Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne wani ɗan Brazil, Cildo Meireles. A zamanin da soja ke mulkin ƙasarsu, tsakanin 1974 da 1978, ya buga wata takarda da ya sa wa suna Zero Cruzeiro, komai nata kamar kuɗin gwamnati amma lambar da ke jiki sifili ce, kuma inda aka saba sa jaruman ƙasa sai ya sa hoton wani ɗan ƙabilun asali na ƙasar a fuska ɗaya, a ɗaya fuskar kuma wani majinyaci na asibitin masu taɓin hankali. Wato ga mutanen da ƙasa ta lissafa a sifili, ku kalle su.

Ni a ganina gwamnati ba ta da fastar da ta kai takardar kuɗi ƙarfi. Ta bango ruwa ya dake ta yara su yage, wannan kuwa kai da hannunka za ka ninke ta ka sa a aljihun gaba kana tattalinta, kuma duk wanda fuskarsa ke jiki sai ka gan shi daidai lokacin da kake murnar an biya ka. To tambayata, irin wannan zane na masu kwaikwayon kuɗi yana iya rage wa mutane ɗaukar shugaba kamar abin bauta, ko kuwa ado ne kawai da attajirai ke saya su rataya a falo?

Bintalo92:
Wa alaikumus salam. Wlh ban taɓa kallon kuɗi a matsayin zane ba sai yau, yanzu na fito da ɗari biyu ina ta juya ta.

Dan_Kwari_77:
Malam mai zane ni dai gsky ban yarda fuska tana da wani tasiri ba. Shekara da shekaru ina ƙirga kuɗi a kasuwa, amma ka tsayar da ni yanzu ka ce su wane ne mutum biyun nan da ke jikin dubu ɗaya sai na yi dogon tunani. Mu launi muke kallo da lamba da kaurin bandir. Abin da ke sa talaka bin shugaba ido rufe yunwa ce da buhun shinkafa lokacin zaɓe, ba hoton da ke jikin naira ba. Wanda bai ci ya ƙoshi ba ina ruwansa da zane.

Malama_Rabi:
Alhaji na Kwari ai don dubu ɗaya ka ɗauka ne. Aliyu Mai-Bornu ne da Clement Isong, tsofaffin gwamnonin Babban Banki, ba 'yan siyasa ba ne da za a yi ta kiran sunansu a rediyo. Amma ɗauki naira ashirin mana. Ni firamare nake koyarwa, in na tambayi yara wane ne Murtala duk aji hannu a sama, ba don sun san abin da ya yi ba, don kullum da shi ake aikensu sayen magi. An kashe shi ran 13 ga Fabrairun 1976, a 1977 aka fitar da ashirin ɗin da hotonsa, shi ne ɗan Najeriya na farko da aka sa a takardar kuɗi. Malam Aminu Kano kuwa, a cikin Kano fa nake magana, sai na nemo hoto na kawo aji kafin su gane shi. Kar ka ce fuska ba ta aiki, tana aiki a hankali ne tun daga yarinta.

Sadiq_Samaru:
Yaya @Mai_Zane_Fagge ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi, zane nake karanta a Zariya kuma mun sha wannan gardamar. Ni sai na raba abin gida biyu. Shi Meireles ɗin akwai aikinsa da ya fi Zero Cruzeiro zafi. A Oktoban 1975 wani ɗan jarida mai suna Vladimir Herzog ya mutu a hannun sojoji a Sao Paulo, suka fito suka ce wai shi ya rataye kansa.  Sai Meireles ya yi hatimin roba da tambaya ɗaya tak, wa ya kashe Herzog, yana bugawa a jikin kuɗin gaske yana sayayya da su. Ka ga hikimar? Ba wanda zai yaga kuɗinsa, kuma ba wanda zai so ya riƙe irin wannan takarda a aljihu lokacin soja, don haka kowa sauri yake ya kashe ta, saƙon ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu ba a san mafarinsa ba. Wannan shi ne gida na farko, zanen da ya shiga kasuwa ya isa hannun mai tireda da direban bas.

Gida na biyu irin su Andy Warhol na Amurka. A 1972, shekarar da shugaban Amurka Nixon ya je Sin, Warhol ya ɗauki hoton hukuma na Mao, jagoran Sin, ya buga shi da launuka iri iri kamar an yi masa kwalliya, jerin guda goma, kowanne kwafi 250. Tun 1962 ma ya yi wani da ya jera takardar dala ɗaya guda 200, a 2009 aka yi gwanjonsa sama da dala miliyan 43. To wa ya saya? Ai mai irin dukiyar da ake cewa ana suka. Shi kuwa Mao tun daga 1999 fuskarsa ce a kan takardun yuan daga ɗaya har ɗari, zanen Warhol bai rage shi da komai ba.

Dan_Kwari_77:
Yauwa ɗan samari, ka ga ka dawo maganata. Zanen dala ɗari biyu a saya miliyan 43, wannan ai ba yaƙi da jari hujja ba ne, shi ne jari hujjar kanta.

Sadiq_Samaru:
Baba Alhaji rabin maganarka na dawo, ɗaya rabin na Herzog yana nan ba ka amsa ba.

Barista_Hauwa:
Kafin wani ya ji daɗin labarin hatimi ya je ya gwada a nan, don Allah ku saurara. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007, sashe na 21, ta haramta wulaƙanta naira, kuma rubutu a jiki yana ciki, da yagawa da takawa da liƙi a wajen biki. Hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ko tarar da ba ta gaza N50,000 ba ko duka biyun. Kun dai ga yadda EFCC ta riƙa kama mutane kan liƙi tun 2024. Sashe na 20 kuma na jabu ne, shi shekara biyar ne mafi ƙaranci.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. A Japan wani mai zane Genpei Akasegawa ya buga kwafin takardar yen dubu a 1963, fuska ɗaya kawai ya buga, ba wanda zai karɓe ta a kanti, amma duk da haka kotu ta same shi da laifi a 1967, ya ɗaukaka ƙara har kotun ƙoli bai yi nasara ba. A Ingila kuma an gurfanar da wani mai zane J.S.G. Boggs a 1987 don yana zana fam da hannu yana biyan kuɗin abinci da zanen idan mai gidan abincin ya yarda, shi masu taya alƙali hukunci sun wanke shi. Abu ɗaya ne amma hukunci biyu, don haka kar mai zane ya ɗauka cewa da ya ce ai fasaha nake shi ke nan ya tsira.

Mai_Zane_Fagge:
Mun gode Barista, wannan jan kunne ya zo a kan gaɓa. Amma ni abin da na tsinta a bayaninki, in da zanen nan ado ne kawai me zai sa gwamnatin Japan ta bi mutum har kotun ƙoli a kan takardar da ko alewa ba za ta saya ba? Akwai abin da suke karewa da ya wuce tsoron jabu, kwarjinin takardar suke karewa.

Aboubakar_Garoua:
Sannunku 'yan uwa, daga Kamaru nake. Ku a Najeriya kun yi sa'a ɗaya da ba ku lura da ita ba, duk wanda ke jikin naira sai da ya rasu aka sa shi. Mu a nan sefa ta Afirka ta Tsakiya a shekarun 1970 kowace ƙasa da hoton shugabanta mai ci. Mu Ahmadu Ahidjo, Gabon Bongo, Chadi Tombalbaye, Bangui kuma Bokassa, wanda har ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1977. Ahidjo ɗan garinmu ne, mahaifina yana da tsohuwar takarda mai hotonsa da ya adana cikin akwati, in ya fito da ita da hannu biyu yake riƙewa. Bayan Ahidjo ya sauka a 1982 sai ga hoton Biya a jikin jaka ɗaya, wato sefa dubu, shi kuma Ahidjo ya rasu a Dakar a 1989, har yau kabarinsa yana can. Daga baya aka daina sa shugabanni gaba ɗaya. Wanda bai rayu da kuɗi mai hoton shugaba mai rai ba ba zai gane nauyin abin ba, albashinka ma ji kake kamar daga aljihunsa ya ciro ya ba ka.

Bintalo92:
Allah sarki, wannan jimlar ta ƙarshe ta taɓa ni Malam Aboubakar.

DanMaradi:
To mu a Nijar ga namu. Sefarmu ba hoton kowa, tambarin BCEAO, babban bankin ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma, ne a gaba, a baya dabbobi da tsuntsaye da kifi. In ka bi maganar Malam mai zane sai ka ce mun huta. Amma a Faransa ake buga ta, a wani gari Chamalières, kuma a Janairun 1994 dare ɗaya aka raba darajarta biyu ba wanda ya tambayi talaka. Kenan kuɗi na iya zama ba fuska amma yana da ubangida. Shi ya sa da ɗan gwagwarmayar adawa da sefa Kemi Seba ya ƙona jaka biyar, wato sefa dubu biyar, a bainar jama'a a Dakar a Agustan 2017 matasa suka ɗauka da zafi, har kotu aka kai shi ta sake shi, daga baya aka kore shi daga Senegal.

Kuma kar ku ɗauka Turawa da 'yan Brazil kaɗai ke wannan zanen. Mansour Ciss ɗan Senegal ya ƙirƙiro kuɗin da ya kira Afro, kuɗin Afirka ɗaya da babu shi a zahiri, ya buga takardunsa ya nuna a bikin zane na Dakar a 2002. Akwai Meschac Gaba na Kwatano shi ma da takardun kuɗi ya yi suna. Su ba shugaba suke tuhuma ba, tambayarsu wa ke da ikon buga mana kuɗi.

Zongo_Kumasi:
Salam. Na Ghana ma ku ji. Da aka fito da sidi a 1965 hoton Nkrumah ne a jiki, yana kan mulki. Ran 24 ga Fabrairun 1966 soja suka kifar da shi yana hanyar tafiya waje, 1967 aka fito da sabon sidi ba hotonsa. Yanzu kuma ya dawo, yana cikin manyan nan shida, jagororin neman 'yancin Ghana, da ke jikin takardunmu, a 2010 ma aka yi sidi biyu da hotonsa shi kaɗai. Mutum ɗaya ne fa, an sa shi an cire shi an mayar da shi. Kakata a zango cewa take ita duk wanda aka sa in dai zai sayi gari to sannunsa. Ina ganin Alhaji na Kwari da ita layi ɗaya suke.

Dattijo_Alkali:
Yara kuna ta maganar takarda, bari in mayar da ku baya kaɗan. Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, ba hoton kowa. Sannan akwai liyari, azurfar nan mai hoton wata sarauniyar Austria, Maria Theresa, da ta yi yawo a Borno da ƙasar Hausa. Duk wadda ka ɗauka 1780 ne a jiki ko da kuwa daga baya aka buga ta. Ba wanda ya san matar, ba wanda ya yi mata mubaya'a, azurfar ake so, kuma mata sun mayar da ita kayan ado. Abin da nake so ku lura, lokacin da kuɗi yake da daraja a jikinsa fuskar ba ta dami kowa ba. Da aka koma takarda, wadda ita kanta ba komai ba ce sai alkawarin hukuma, sai aka buƙaci fuskar babban mutum ta tsaya mata. To su masu zanen naku wannan alkawarin suke taɓawa, shi ya sa hukuma ke jin zafi.

Sadiq_Samaru:
Baba Allah ya ƙara girma, wannan bayanin ya fi wanda aka yi mana a aji.

Ustaz_Nura:
Baba ya yi daidai, kuma musulmi sun taɓa fuskantar wannan mas'ala tun da wuri. A zamanin Halifa Abdulmalik bin Marwan da farko an buga dinare da surar mutum a tsaye riƙe da takobi, wanda masana tarihi ke cewa shi ne. A shekara ta 77 bayan hijira ya sauya, aka cire sura gaba ɗaya aka bar rubutu zalla, kalmar shahada da ayoyi. Ga mai mulkin da ya isa ya sa fuskarsa daga Sham har Khurasan amma ya cire. Ni ina ganin nan ne maganin yake, ba wai a cire fuskar shugaba a sa ta wani ba, a bar fuska gaba ɗaya. Zuciyar ɗan Adam tana saurin rataya ga sura, in aka haɗa mata sura da dukiya a takarda ɗaya kuwa sai Allah ya kiyaye.

Ummu_Khalil:
Ustaz tunda ka kawo rubutu, ni abin da ya fi ci min rai cire ajami ne. A 2007 aka cire shi daga biyar da goma da ashirin da hamsin, 2014 da aka yi sabuwar ɗari ta cika shekara ɗari da haɗe Najeriya ita ma aka cire. Saura ɗari biyu da ɗari biyar da dubu. Kakata ba ta yi boko ba amma tana karanta naira dubu da ajami tsaf. Wani lauya a Legas har ƙara ya kai a 2020 wai a cire sauran, Babban Banki ya amsa cewa ba alamar addini ba ce, Hausa ce aka rubuta don masu karanta ajami. Wannan ma ai siyasar zanen kuɗi ce, wa aka yarda ya ga kansa a jiki wa aka goge.

Chinedu_SabonGari:
Anti Ummu ni a Sabon Gari aka haife ni, ina jin zafin da kike ji, amma ki tuna lokacin da aka cire ajamin an sa Hausa da Yarbanci da Igbo da rubutun boko a ƙananan takardun. Mahaifiyata ranar da ta ga yarenta a jikin naira ta yi murna sosai. Kowa so yake ya ga kansa, matsalar takardar ƙarama ce ƙasar kuma babba.

Ummu_Khalil:
Ban ƙi a sa naku ba ɗan uwa, ko kusa. A sa duka mana, wurin da aka ba hoton mutum ɗaya ai ya isa rubutu huɗu.

Admin_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, maganar ajami mun yi ta a baya kuma takan yi zafi. A dawo kan tambayar Malam mai zane, zanen masu kwaikwayon kuɗi yana rage kambama shugabanni ko a'a.

Hajiya_Madaba'a:
To bari in faɗi abin da nake gani a shago, tunda ni ɗab'i nake. Tun da aka fara kamen liƙi sana'ar buga kuɗin biki ta buɗe, a zo da hoton amarya da ango a ce a yi musu takarda mai kama da kuɗi a yi liƙi da ita, daga baya a canza. Wannan ba laifi a wurina in dai ba ta yi kama da naira ba. Amma lokacin siyasa wani yaron ɗan takara ya zo min da aiki, a ɗauki fasalin dubu ɗaya sak, a cire mutanen da ke jiki a sa maigidansa, a rubuta sunansa inda ake rubuta Babban Banki, za su watsa a wajen taro. Na ce ba zan yi ba, na farko ina tsoron hukuma, na biyu abin ya tsaya min a wuya, mutum bai ci zaɓe ba tukuna amma har ya fara ganin fuskarsa a kuɗi. Ya tafi wani wuri aka yi masa, na ga yara suna wawaso.

Don haka Malam mai zane, kayan aikin da Meireles ɗinka ya yi suka da shi, da shi ɗin nan ake yin fadanci a garin nan. Salon ba shi da alƙibla, wanda ya biya kuɗin faranti da tawada shi ke juya shi. Kuma masu biya a nan mun san su.

Sadiq_Samaru:
Hajiya wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma ko a Amurka haka ne. Shepard Fairey ya yi suna da fastocin Obey, wato yi biyayya, yana jan hankalin mutane kan yadda suke bin umarni ba tambaya, ya kuma yi zane zane masu fasalin dala yana sukar jari hujja. Shi ɗin dai shi ya zana fastar Obama ta 2008 mai kalmar Hope, wadda ta mayar da ɗan takara kamar wani waliyyi a idon matasa. Hannu ɗaya, launuka iri ɗaya. Banksy, mai zanen nan na Ingila, ma a 2004 ya buga fam goma ya cire Sarauniya ya sa Diana, ya rubuta Banksy of England, yau ga takardar a gidan tarihi na British Museum an adana ta. Ni abin da ke damuna kenan a matsayina na ɗalibi, in ka iya zana fuska ta yi kwarjini don ka yi suka, gobe za a kira ka ka yi wa wani don yabo, kuma kana buƙatar kuɗin haya.

Injiniya_Bala:
Ina karantawa tun ɗazu. Ni ina ganin babu mai zanen da ya taɓa tona asirin shugaba kamar yadda kuɗinsa da kansa yake tona masa. Mobutu na Zaire, Kongo ta Kinshasa a yanzu, fuskarsa ce a kan takardu da hular damisa, sifili na ta ƙaruwa a gefen fuskar. Ƙarshen 1992 aka fito da takardar miliyan biyar, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, aka biya sojoji albashi da ita, Janairun 1993 suka yi bore a Kinshasa, mutane da yawa suka mutu har da jakadan Faransa. Har yau masu tara tsofaffin kuɗi suna da takardun Zaire da aka huda wajen fuskar aka cire ta.

A Zimbabwe kuma da aka kai ga takardar tiriliyan ɗari a 2009, wata jarida da ke gudun hijira, The Zimbabwean, ta riƙa buga tallanta a kan kuɗin gaske tana mannawa a bango a Afirka ta Kudu, don kuɗin ya fi farar takarda araha. Ka ga nan mai zane bai ƙirƙiri komai ba, nuni kawai ya yi. Kuma ku lura Mugabe bai sa fuskarsa a kuɗin ba, duwatsu ne a jiki, amma hakan bai hana a kambama shi ba. Wannan sai Ustaz ya duba.

Ustaz_Nura:
Injiniya na gani. Ban ce cire sura zai gyara zuciya shi kaɗai ba, ƙofa ɗaya ce aka rufe cikin ƙofofi. Amma rufe ta ya fi barinta a buɗe. Kenya ma ai sun sa a tsarin mulkinsu na 2010 cewa kar a sa hoton wani mutum a kuɗi.

Barista_Hauwa:
Haka ne Ustaz, sai dai da suka fito da sababbin takardu a 2019 sun sa hoton babban ginin taro na Nairobi, kuma a gabansa akwai mutum-mutumin Jomo Kenyatta a zaune, har aka je kotu a kai, kotu ta bar takardun. Amurka kuma tun 1866 suka hana sa mai rai, dalili wani jami'in baitulmali Spencer Clark ya sa fuskarsa a takardar santi biyar majalisa ta fusata.

Gimbiya_Zazzau:
Ni ban goyi bayan a cire fuska duka ba gsky. Mata fa? Ladi Kwali ce kaɗai macen da aka ambaci sunanta a naira, ita ma a bayan ashirin, tana gina tukunya. A 2012 lokacin Sanusi yana gwamnan banki an shirya takardar dubu biyar da hoton Hajiya Gambo Sawaba da Margaret Ekpo da Funmilayo Ransome-Kuti, aka yi ta surutu kan tsadar kaya aka dakatar. Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba saboda 'yancin mata da talakawa, ba ta tara komai ba. Sai da layi ya kusa zuwa kanta sannan za a ce a daina sa fuska? Girmama wanda ya sha wuya dominmu daban, fadanci ga mai riƙe da mulki daban. In ni mai zane ce dubu biyar ɗin nan da ba a buga ba ita zan zana babba in manna a bango.

Malama_Rabi:
Gimbiya ki zana wlh, ni zan kai aji.

Dan_Kwari_77:
Na karanta duka, kuma na Herzog da ɗan samari ya ce ban amsa ba, na yarda wannan jarumta ce. Amma ku tuna farkon 2023. An sauya launin ɗari biyu da ɗari biyar da dubu, fuskokin suna nan yadda suke, Sardauna da Azikiwe ba wanda ya taɓa su, sai ga mutane na kwana a layin ATM, masu POS na sayar mana da kuɗinmu, mai tumatir na zubar da kaya don ba tsabar da za a saya. Ranar ba wanda ya kalli hoton kowa. Abin da ya sa mutane suka dawo daga rakiyar wasu manya a lokacin wahala ce ba fasta ba. Ni har yanzu a nan nake.

Mai_Zane_Fagge:
Alhaji ban musa ba, wahala ta fi zane saurin buɗe ido. Amma wahala tana wucewa a manta, kafin zaɓe na gaba an dawo ana rawa. Abin da aka buga a takarda shi yake zama shaida. Barista in tambaye ki, in mutum ya yi nasa fasalin daga tushe, girman fasta, ba sunan Babban Banki ba kalmar naira ba launin wata takarda da ake kashewa, ya shiga sashe na 20?

Barista_Hauwa:
In ba ta yi kama da kuɗin da ake kashewa ba ta yadda za a iya ruɗar wani, maganar jabu ta yi nisa. Amma in ka sa fuskar mai mulki da rai ka rubuta abin da zai ce ɓata suna ne, wata ƙofar ka buɗe daban. Ka nuna wa lauya kafin ka kai injin.

DanMaradi:
Kafin a tashi, ga wani abu da ya shafi maganar Hajiya. Tun da aka fara zancen ƙasashen AES, wato ƙawancen Mali da Burkina Faso da Nijar, za su bar sefa, sau da yawa ana turo min hotuna a WhatsApp wai ga sabon kuɗin Sahel ya fito, an zana shi tsaf da fuskokin shugabannin sojan nan uku. Ba wani banki da ya fitar da shi, wasu ne suka zauna da kwamfuta suka haɗa, kuma mutane na ta turawa suna kabbara. Ni ina son mu samu kuɗinmu na kanmu fiye da kowa, amma in ranar ta zo ban so in ga mai rai a jiki, ko wane ne shi.

Issoufou_Zinder:
A'a DanMaradi, nan kam ban bi ka ba. Wanda ya fitar da mu daga sefa in ya fitar da mu, me zai hana a sa shi? Ghana ba ta mayar da Nkrumah ba?

Zongo_Kumasi:
Ta mayar da shi bayan ya rasu da shekaru masu yawa ɗan uwa, ba yana kan kujera ba.

Issoufou_Zinder:
To ai shi ma da yana kan kujera ya sa, kuma yau ku ne kuke kiransa gwarzo. Malam Aboubakar kai da ka ga na Ahidjo, mahaifinka da yake riƙe takardar da hannu biyu, tsoro ne ko ƙauna?